Idil Giɗas da Timkat: me Kiristoci suke nufi da "bayyana"?

Ƙanena, ka rubuto mini daga Gadarif kana cewa 'yan Habasha da suke yi maka yankan dawa sun roƙi ka sallame su kwana biyu ko uku bayan tsakiyar watan Janairu domin idinsu, alhali ko mako biyu ba a yi ba da suka yi na haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ranar 7 ga wata. Ka ce da ka bincika wani ya gaya maka cewa wannan shi ne "idin wahayi", sai abin ya ɗaure maka kai, domin ba ka taɓa jin Kiristoci suna da ranar saukar Linjila kamar yadda muke da daren saukar Alƙur'ani ba. Kana so ka san ma'anar idin, da dalilin da ya sa ranarsa take bambanta tsakanin wannan kanisa, wato coci, da waccan, da kuma abin da ake nufi idan aka ce wani lokaci ne mai tsawo a shekararsu ta ibada. Zan ba ka amsa gwargwadon abin da na karanta a littattafansu da abin da na gani da idona, kuma inda na kawo aƙidarsu zan kawo ta yadda su suke faɗarta, domin ba a fahimtar mutum sai an bar shi ya yi magana da bakinsa.

Wanda ya fassara maka sunan da "wahayi" shi ne ya jefa ka cikin ruɗani. Asalin sunan Girkanci ne, Efifaniya, kuma ma'anarsa fitowa fili, wato abin da yake nan amma a lulluɓe ya fito idanu su gan shi. Girkawan zamanin da suna amfani da kalmar idan sarki ya shigo gari jama'a suka gan shi, ko kuma idan suka yi da'awar wani abin bautarsu ya nuna kansa, har wasu sarakuna suka mai da ita laƙabi, kamar Baɗlimus na Biyar na Masar. Ka kwatanta da sarki ranar hawan salla: tun yana cikin fada sarki ne, fitowar ba ta ƙara masa sarauta, illa dai talakawa su gan shi su tabbatar. Kiristocin Gabas sun fi son su ce Tiyofaniya, wato bayyanar Allah, kuma shi ne Larabawansu suka mayar Iduz Zuhuril Ilahi. Masu ibada da Suryanci a Iraƙi da Sham suna cewa Dinhu ko Danha, wato hudowar rana. Kibɗawa, wato Kiristoci 'yan asalin Masar, na can da na nan Sudan, suna cewa Idil Giɗas, daga kalmar nutso a ruwa, 'yan Habasha da Eritiriya kuma suna cewa Timkat, wato baftisma. Bahaushen Kirista a Kaduna ko Jos zai ce maka bikin bayyanuwar Almasihu.

A nan ne bambancin da ke tsakaninmu da su yake, kuma idan ka riƙe shi sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. A wurinmu Allah yana sanar da bayinsa nufinsa ta hanyar magana da Mala'ika Jibrilu yake saukowa da ita ga Annabi, maganar ta zama littafi, shi ya sa muke girmama daren da aka fara saukar da ita. Kirista kuwa yana cewa Kalmar Allah ta zama mutum, ta zauna cikin mutane, kuma wannan mutum shi ne Yesu Almasihu. Littattafan Bishara huɗu, na Matiyu da Markus da Luka da Yahaya (almajirin Almasihu, ba ɗan Zakariyya ba), shaida ne a wurinsu a kan wannan mutum, ba su ne abin da aka saukar masa ba. Saboda haka matsayin da Alƙur'ani yake da shi a wurin Musulmi, a tsarin tunanin Kirista Almasihu ne da kansa yake riƙe da shi, kuma idin da kake tambaya a kai shi ne idin ranakun da suke cewa an yaye lulluɓi aka nuna wa mutane ko shi wane ne. Musulunci bai yarda da wannan aƙida ba, kai ma ka sani. Alƙur'ani ya kira Isa Kalma daga Allah da Ruhi daga gare shi, amma bawa ne kuma Manzo. Na kawo maka ita ne domin ka gane abin da ma'aikatanka suke murna a kansa.

Idin bai tsaya a kan abu guda ba, al'amura uku ne aka ɗaure wuri ɗaya, kuma kowace nahiya ta ɗauki ɗaya ta fifita. Na farko yana cikin sura ta 2 ta Matiyu, labarin masana taurari da suka zo Urushalima daga gabas a zamanin Sarki Hirudus suna neman jaririn da suka ga tauraronsa, suka same shi a Baitalami, suka miƙa masa zinariya da lubban da mur. Matiyu bai faɗi adadinsu ba, bai kira su sarakuna ba, bai kuma ambaci sunayensu ba. An ce su uku ne domin kyautar uku ce, a al'adar Suryanci ma ana cewa su goma sha biyu ne. Sarautar kuma an ɗauko ta daga Zabura ta 72 da sura ta 60 ta Ishaya, inda aka ce sarakuna za su kawo kyautai. Malamansu na farko sun fassara zinariyar da sarauta, lubban da bauta, mur kuma da mutuwa, tunda da shi ake shafe gawa. Abin da Turawan Yamma suke gani a labarin shi ne baƙin nan ba Yahudawa ba ne, don haka zuwansu yana nufin an buɗe ƙofa ga sauran al'ummai. Mu a Sudan muna da alaƙa da wannan labari da mutane da yawa ba su sani ba. Lokacin da masu binciken tarihi na Poland ƙarƙashin Kazimierz Michałowski suka tone kanisar Faras tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya haɗiye wurin, sun sami babban zanen bango na haihuwar Almasihu, da masanan nan uku a kan dawakai suna sukuwa, aka ciro shi aka kai gidan tarihi na ƙasa a Kartum. Masarautun Nuba, wato Nobatiya da Makuriya da Alwa mai hedkwata a Soba, sun karɓi Kiristanci tun ƙarni na 6, kuma sun kasance ƙarƙashin Baɗarikin Iskandariyya, wato shugaban kanisar can.

Na biyu, wanda shi ne zuciyar idin a wurin Kibɗawa da 'yan Habasha da Girkawa da Rashawa, shi ne baftismar Almasihu a Kogin Urdun a hannun Yahaya ɗan Zakariyya, yana da shekara kamar talatin. Bishara ta ce yana fitowa daga ruwa sai sama ta buɗe, Ruhu Mai Tsarki ya sauko a kansa da siffar kurciya, aka kuma ji murya daga sama tana cewa wannan shi ne Ɗana ƙaunatacce. Kanisoshin Gabas suna cewa a wannan sa'a ce aka bayyana Uba da Ɗa da Ruhu a lokaci guda, shi ya sa suke kiran ranar bayyanar Allah kai tsaye. A wannan gaɓa ce kalmar "bayyana" take da nauyi ƙwarai. Tun ƙarni na 2 an sami ƙungiyoyi da suka ce Yesu mutum ne kamar kowa har zuwa ranar da ya shiga ruwan Urdun, a nan ne wani abu na sama ya sauko masa ya zama abin da ya zama. Manyan kanisoshi sun ƙi wannan ra'ayi, suka dage cewa babu abin da ya ƙaru gare shi a kogin, abin da yake tun farko ne aka nuna, kamar jinjirin wata da yake sama tun kafin masu duba su hango shi. Akwai kuma tambayar da kowane mai hankali zai yi: idan baftismar Yahaya ta tuba ce, me ya kai wanda suke cewa ba shi da zunubi cikin layin masu tuba? Matiyu da kansa ya ce Yahaya ya so ya hana shi. Amsar da malamansu suka bayar tun daga Ignatiyus na Antakiya, a farkon ƙarni na 2, ita ce ya shiga ne domin ya tsarkake ruwan, kuma daga wannan amsa ce duk al'adun albarkar ruwa da za ka gani a idin suka tsiro. Kibɗawa suna kiran Annabi Yahaya As-Sabig, mai rini, domin tsoma mutum a ruwa ya yi kama da tsoma ƙyalle a baba. Malaman tafsiri irin su Ɗabari sun ambaci wannan al'ada ta Nasara a ƙarƙashin ayar sibgatallahi, aya ta 138 a Suratul Baƙara.

Na uku shi ne bikin aure a Kana ta Galili, a sura ta 2 ta Bisharar Yahaya, inda aka ce ya mai da ruwan tuluna shida ya zama ruwan inabi, marubucin ya rufe labarin da cewa da haka ya bayyana ɗaukakarsa. Kibɗawa suna tuna wannan ranar 13 ga watan Ɗuba na kalandarsu, kwana biyu bayan Giɗas.

Game da tarihi, idin ɗan gaɓar Nilu ne. Ambato mafi daɗewa da ake da shi na Kilimas na Iskandariyya ne, wajajen shekara ta 200, wanda ya ce mabiyan wani malami mai suna Basilidis suna kwana suna karatu a daren tunawa da baftismar, wasu ranar 15 ga watan Ɗuba, wasu ranar 11. Ranar 11 ga Ɗuba ita ce 6 ga Janairu a tsohon lissafin Rumawa, kuma har yau Kibɗawa suna kan ta. Zuwa ƙarni na 4 idin ya bazu ko'ina a Gabas, kuma a lokacin haihuwa da baftisma duk a ranar nan guda ake tuna su. Birnin Rum ne yake da 25 ga Disamba, wadda aka tabbatar ana yi a can tun 336. Daga nan sai aka yi musaya: Gabas ta karɓi 25 ga Disamba don haihuwa ta bar wa 6 ga Janairu baftisma, Yamma kuma ta karɓi 6 ga Janairu ta ba wa masana taurari. Yuhana Zahabiyul Fam, mai wa'azin Antakiya, ya faɗa a hudubarsa wajajen 386 cewa bikin Disamba bai kai shekara goma da zuwa garinsu ba. Shi ne kuma ya ba da labarin mutane suna ɗibar ruwa da tsakar daren idin su ajiye a gida shekara guda. Kanisar Armeniya ita kaɗai ta ƙi musayar, har yau tana haɗa haihuwa da baftisma ranar 6 ga Janairu.

Bambancin ranaku da ya dame ka lissafi ne kawai. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara kalandar Rumawa domin tana ja da baya kaɗan-kaɗan, Kibɗawa da 'yan Habasha ba su bi gyaran ba, kuma tazarar yanzu ta kai kwana 13. Shi ya sa 'yan Katolika da 'yan Angilika na Kartum da Bur Sudan suke yin idin ranar 6 ga Janairu ko Lahadin da take kusa da ita, ma'aikatanka kuma sai ranar 19, wadda take komawa 20 a shekarar da Fabrairu yake da kwana 29, kamar yadda aka yi a 2024. A kalandar Habasha ranar ita ce 11 ga watan Tir.

Shekarun da na yi ina koyarwa a Umdurman na zauna kusa da unguwar Masalma, inda Kibɗawa suke da daɗaɗɗen zama. Wata shekara, cikin sanyin Ɗuba da ya fi hunturun Kano shiga ƙashi da asuba, matar maƙwabcina ta aiko yaro da kwanon miyar gwaza koriya shar, mai ƙamshin tafarnuwa, da sandunan rake biyu da lemo. Da na je godiya na tambayi tsohon gidan dalilin gwaza musamman, sai ya ɗauko ɗanye guda ya riƙe mini. Ya ce ka ga wannan, a binne yake cikin ƙasa sai an tono shi, sai an feɗe masa baƙar riga, kuma yana da ƙaiƙayin da yake kama maƙogwaro wanda ba ya fita sai da ruwa. Haka ɗan Adam yake, in ji shi, ana binne shi a ruwan baftisma ya tuɓe tsohuwar riga ya fito. Rake kuma, ya ce, fari ne a ciki, yana miƙewa sama gaɓa bayan gaɓa. Ban ɗauki wannan a matsayin asalin al'adar ba, domin gwaza da rake da lemo su ne amfanin gonar da ake samu a Masar a watan Ɗuba, fassarar daga baya ta zo ta hau kansu. Amma yadda tsohon ya iya karanta aƙidarsa a jikin abincin da ke hannunsa ya koya mini fiye da shafuka da yawa. A daren idin ne suke babbar sallarsu, bayan sun yi azumin jajibiri da suke kira Baramun. Kafin ƙuddas ɗin, wato babbar sallar, akwai addu'ar Laƙƙan, inda ake cika kwano da ruwa a yi masa dogon karatu daga littattafan annabawa, sannan limaminsu ya jiƙa ƙyalle ya shafi goshin kowa. Sau uku kawai ake yin Laƙƙan a shekara: a Giɗas, da Alhamis ɗin da take gabanin Ista, idin da suke tuna tashin Almasihu, da idin manzanni a watan Yuli. Mutane suna zuwa da kwalabe su tafi da ruwan gida.

A da abin ya wuce bangon kanisa nesa. Mas'udi, masanin tarihin nan na Bagadaza, ya rubuta a Murujuz Zahab cewa ya halarci daren Giɗas a Fusɗaɗ a shekara ta 330 bayan Hijira, a zamanin Ikhshid Muhammadu ɗan Ɗugj, wanda ya sa aka kunna fitilu dubu a gaɓar Nilu, ga Musulmi da Kirista cunkus a bakin ruwa da cikin jirage, yawancinsu suna faɗawa kogi suna cewa kariya ce daga cuta.

Abin da ma'aikatanka suke kewa shi ne Timkat irin na gida, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Gallabat da Matama zuwa Gondar a wannan lokaci ya san ba ƙaramin abu ba ne. Kowace kanisar Habasha tana da tabot, allo na katako ko dutse da yake wakiltar allunan da ke cikin akwatin alkawari na Annabi Musa. Kalmar 'yar'uwar Tabut ce da ka sani a ƙissar Ɗalutu. Da yammacin jajibiri, wanda suke kira Ketera, limami yakan ɗora tabot a ka, a lulluɓe da zane mai ado yadda ido ba zai gan shi ba, a bi shi da laimomi masu launi da ganguna da waƙa har bakin rafi ko tafki, jama'a sanye da fararen kaya. A can ake kwana ana addu'a, da asuba a albarkaci ruwan a yayyafa wa mutane, matasa su yi tsalle su faɗa ciki, sannan a raka kowane tabot kanisarsa, ban da na Mala'ika Mika'ilu wanda yake ƙara kwana guda. A Gondar ana cika tafkin da ake dangantawa da Sarki Fasilidas na ƙarni na 17 domin wannan rana, kuma hukumar UNESCO ta sa Timkat cikin jerin al'adun duniya a 2019. Kada ka ɗauka ana sake yi musu baftisma ne duk shekara. A aƙidarsu sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, wannan tunawa ce da sabunta alkawari.

Saura batun lokaci mai tsawo. Shekarar ibadar Kirista an shirya ta ne ta bi rayuwar Almasihu daki-daki, daga jiran zuwansa, zuwa haihuwa, zuwa bayyana, zuwa babban azumi da Ista. A wurin 'yan Angilika da Lutarawa da Metodis, makonnin da suke tsakanin 6 ga Janairu da Larabar Toka, ranar da azumin yake farawa, su ne lokacin Efifaniya. Tsawonsa yana sauyawa daga Lahadi huɗu zuwa tara, domin Ista tana bin wata, tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Karatun kowace Lahadi ana zaɓo shi ne ya ƙara nuna wani gefe na mutumin: baftismarsa, kiran almajiransa na farko a bakin Tekun Galili, karatunsa a majami'ar Nazarat, huɗubarsa a kan dutse, warkar da marasa lafiya. Lahadin ƙarshe a yawancinsu ita ce ta sauyawar kamanninsa a kan dutse a gaban Bitrus da Yaƙub da Yahaya, inda aka ce muryar nan da aka ji a Urdun ta sake magana, don haka lokacin yana buɗewa da murya yana rufewa da ita. A ganina wannan shi ne mafi kyawun tsari a cikin shekararsu duka, ta fuskar koyarwa. Kanisar Ingila tana rufe lokacin tun 2 ga Fabrairu, kwana arba'in bayan haihuwa, ranar da aka kai jaririn Haikali tsoho Simeyon ya kira shi haske ga al'ummai. Katolika kuwa, tun gyaran kalandarsu na 1969, ba su da lokaci mai wannan suna. Da an yi idin baftisma sai su shiga makonnin yau da kullum, su sauya fararen tufafin ibada da koraye. Masu wa'azinsu sukan yi amfani da makonnin nan su tuna wa jama'a cewa wanda aka nuna wa haske shi ma ana jiran ya nuna wa wani, shi ya sa batun aikin bishara yake yawa a huɗubobin Janairu da Fabrairu.

Hukuncin halartar bikinsu ko karɓar kyautarsu magana ce ta malaman fiƙihu, ka kai musu ita. Abin da ya shafi gonarka kuwa, ka sani ranar 18 suna azumi, ba su cin nama ko madara ko ƙwai, kuma za su so su tashi daga aiki tun azahar domin rakiyar yamma. Ranar 19 ita ce idin sosai, ko da ta faɗo Laraba ko Juma'a da suka saba azumi a cikinsu, a wannan rana suna ci suna sha. Waɗanda suka roƙi kwana na uku, ranar 20, na Mika'ilu da bikin Kana suke nufi. Idan za ka biya su kuɗin makon, ka biya tun ranar 17 domin su sami na sayen fararen kaya da na mota zuwa cikin gari, ka kuma shirya masussuka yadda dawar da aka yanka ba za ta kwana uku a ƙasa tana jiran hannu ba.